Simintin Zauren Malam Ya'u

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo a kan Yaya Nu'uman, har da wadda ta ce in sa babur ɗinsa ya kife da shi a hanyar Baure, ku karanta na yau a hankali. Ni dai ban ce komai ba.

*

Ruwan shuka ya sauka a Zango da asubahin Laraba, kafin hantsi duk mai sungumi ya kama hanyar gona. Khairunnisa ba ta da gona. Abin da take da shi takardar digiri ce ta injiniya, fannin kula da tsofaffin gine-gine, wadda ko wata biyu ba ta yi a hannunta ba, sai wata 'yar na'ura mai haƙora biyu da ake soka wa bango ta faɗi yawan laimar da ke ciki. Tun da ta dawo gida take jiran ruwan nan, kai ka ce ita ma iri za ta zuba.

Zauren gidansu take jira ya jiƙe. Kakanta Mainasara magini ne ya gina shi da tubali da azara shekara sittin da 'yan kai, bakan gizo huɗu suka tashi daga bango suka haɗu a tsakiyar rufi. Shekara biyar da suka wuce aka shafe shi da siminti ciki da waje, aka bi da fenti ruwan madara. Mutanen unguwa sun yaba ƙwarai. A kan zauren nan ta rubuta aikinta na kammala digiri, kuma a shafi na arba'in da ɗaya ta ce an yi masa siminti ne saboda rashin sani. Malaminta ya ja layi a ƙarƙashin maganar, ya rubuta madalla a gefe.

Ta zagaya ta bangon gabas, inda ruwa ya fi duka. A jiƙaƙƙiyar ƙasar gindin bangon akwai sawun takalmin taya, wani ya riga ta zuwa, ya bi bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan ya tafi. Ba ta kula ba. Ta ciro makulli ta ƙwanƙwasa simintin, ya amsa mata kamar ƙwaryar da aka kife. Ta matsa gaba ta sake, haka. Can ƙasa ta sami wata tsaga ta soka na'urar.

Lambar da ta fito ba ta taɓa ganin irinta ba sai a kan allo, ranar da ake nuna musu hoton ginin da ya riga ya faɗi.

Ta shiga zauren da sallama. Mahaifinta Malam Ya'u yana kan buzunsa daidai inda bakunan gizon suka haɗu, wurin da yake zama tun kafin a haife ta, rediyo a gefe, kwanon koko a gaba. Yayanta Nu'uman yana durƙushe can kusurwa yana auna irin gyaɗa daga buhu. Ta durƙusa ta gaishe su yadda ya kamata, ta tambayi ruwa, aka ce ruwa ya yi gyara. Daga nan kuma ta buɗe lacca.

Ta yi musu bayani, su da aka haifa a cikin ginin ƙasa, cewa ƙasa numfashi take yi. Ruwa ya shiga, rana ta fito, ya fita. Yaɓen makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, da ake yi duk shekara kafin damina yana kore ruwa amma yana barin bango ya sha iska. Siminti kuwa da zarar ya tsage ruwa ya shiga, to ya shiga ke nan, yana nan yana cin bango ta ciki, waje fes da fenti. Ta faɗi sunan abin da Turanci, ta sake faɗa da Hausa don kada a ce ta yi girman kai.

Malam Ya'u ya rage muryar rediyo, ya ce to.

Nu'uman bai ɗago ba. Mutum ne da zai wuni a kasuwar Babban Mutum ya sayar da rago goma bai yi magana ashirin ba, kuma wannan shirun nasa shi ya fi komai ƙona mata rai. Ta san shi ya je Daura ya ɗauko masu siminti, shi ya yi jigilar buhuna a bayan babur, har hotonsa tana da shi yana riƙe da cebur yana murmushi.

"Yaya, da kai nake."

"Ina jin ki."

"Wa ya ce ka taɓa ginin da ba ka san kansa ba?"

Ya zuba kwano na shida a cikin ƙaramin buhu, ya ce ai ya karanta a littafinta, shafi na arba'in da ɗaya, rashin sani ne.

A lokacin ne idonta ya kai bayansa. Duk hutun da ta zo gida, kusurwar nan cike take da buhunan gyaɗa da gero har rufi, kuma Baba yakan ce kada a taɓa masa kaya. Ko da ta zo awo don aikin digirinta da rani ta zo, kwana biyu ta yi, ta auna abin da hannunta ya kai ta ƙiyasta saura. Mace ba ta zama a zaure balle ta yi bincike, wucewa take yi. Amma tun da ta shiga jami'a ba ta taɓa zama a gida lokacin shuka ba sai bana. An sayar da wasu buhunan, an ci wasu, yau kuma ana ɗibar iri. Abin da ya rage bai wuce ƙugu ba, sama da shi an rataya zana.

Ta miƙe ta nufi zanar.

"Khairu," in ji Malam Ya'u, "kokon nan bai ji sukari ba, shiga ki karɓo min."

Ba ta taɓa ƙin aikensa ba, sai yau. Ta kama zanar ta ja.

Gwafa uku ne na itacen bedi, kowace ta tokare azara, an cusa musu gutsattsarin katako a gindi. Kawunan azarar inda suka shiga bango sun yi baƙi. Ta miƙa hannu ta danna ɗaya da babban yatsa, yatsan ya shige kamar a cikin dafaffen rogo. Ƙafar bakan gizo ɗaya ta rabu da bango, tazarar ta isa a zura hannu. A ƙasa ga wata guduma da ake buga katakon da ita duk sanda gwafa ta yi sako-sako.

Tsoro ya kama ta sosai. Ta juya ta dubi inda mahaifinta yake zaune, ta ɗaga kai ta dubi abin da ke bisa kansa.

"Tun yaushe?"

"Bara waccan," ya ce.

"Damina biyu, Baba? Kuka ɓoye min?"

"Kina jarrabawa."

Ya faɗe shi kamar mai faɗin farashin gishiri, ya kurɓi kokonsa wanda ashe sukarinsa daidai yake.

Da yake ba a yi wa uba faɗa, sai ta juye duka a kan Nu'uman. Ta ce ya lalata aikin kakansu, ya kori Baba Kabo magini da ya yi shekara talatin yana yaɓen zauren nan, ya kawo yaran da ba su san komai ba sai bulo, sannan ya zo yana tokare rufi da itace kamar mai gyara rumfar awaki. Shi dai ya ci gaba da awonsa. Sai ta ƙara wadda ba ta kamata ba.

"Da rufin nan ya faɗo wa Baba, kai ka kashe shi."

Nu'uman ya ajiye kwanon awo. Ya goge hannunsa a jikin riga, ya zura shi a aljihu ya ciro waya.

"Nu'uman, mayar da wayar nan," in ji Malam Ya'u.

"Ka yi haƙuri, Baba. Shekara biyar na ɗauka. Wannan kam ba zan iya ba."

Bai daɗe yana nema ba, alamar ya san inda abin yake. Ya danna, ya ajiye wayar a kan buhu. Wata murya ta fito, siririya, mai rawar kai, ana jin hayaniyar 'yan mata a bayanta.

"Yaya, ka kunna wa Baba wannan. Baba, ina wuni. Don Allah maganar zaure ce. Malaminmu ya ce ginin ƙasa ya wuce yayi, siminti sau ɗaya ake yi a huta. Ku daina barin tsohon nan yana zuwa yana shafa mana taɓo duk shekara, wari ma yake yi. Ƙawayena za su zo hutu. Ni dai na gaya muku a matsayina na injiniya."

Saƙon ya ƙare da 'yar dariya.

Injiniyar da ta yi wannan maganar watanta huɗu a jami'a, ko sunan fannin da za ta zaɓa daga baya ba ta taɓa ji ba. Khairunnisa ta tsaya da zana a hannu, abin ya dawo mata gaba ɗaya. Gadon sama a ɗakin kwanan ɗalibai. Wata ƙawa da ta ga hoton gidansu a waya ta tambaya ko gidan tarihi ne. Ta aika saƙon cikin fushi, aka kira su cin abinci, ta manta. Da ta zo hutu ta tarar da siminti har ta ji daɗi, sai a aji uku da ido ya buɗe ta fara neman mai laifi, ta samu Nu'uman da ceburinsa a hoto. Ƙawayen kuwa ba su ma zo ba.

Sauran labarin Nu'uman ne ya ba ta, yana kallon ƙasa. Ranar da saƙon ya iso, Baba Kabo yana nan zaune a bakin ƙofar zauren, ya kwana uku da kwaɓa ƙasa da makuba a waje tana tsima, washegari zai fara yaɓe. Akwai dattawan unguwa huɗu. Kowa ya san halin Malam Ya'u, in saƙon 'yarsa ya zo daga jami'a ba ya ji shi kaɗai, sai ya sa an ƙure murya kowa ya ji. Nu'uman ya ce bari ya fara saurara, Baba ya ce me za a saurara, ku yi shiru ku ji injiniya.

Aka yi shiru aka ji.

Da muryar ta kai kan tsohon nan, ba wanda ya dubi wani. Baba Kabo ya jira saƙon ya ƙare har dariyar, ya miƙe ya sa takalminsa, ya ce Allah ya ba da sa'ar karatu. Kwaɓin nan a ƙofar gida ya bushe, sai da aka sa diga aka fasa shi.

"Amma Baba," ta ce, "kai da ba ka jin maganar kowa. Me ya sa ka ji tawa?"

Malam Ya'u ya kashe rediyon gaba ɗaya.

"Kabo ya tafi, damina ta matso, ba mai yaɓe. Kuma ni na sayar da shanu na tura ki ki koyo gini. Kin koyo kin faɗa a gaban mutane. In ban bi ba, me na tura ki yi?"

Ya ce sau uku yana zuwa gidan Kabo. Kowane zuwa a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, su yi hirar gero da ciwon gwiwa kamar yadda suka saba tun suna samari. Da ya ɗauko maganar zaure sai Kabo ya ce ai kuna da injiniya a gida. Da rufi ya fara saukowa, shi Malam Ya'u ne ya hana a gaya mata, shi ya sa Nu'uman ya riƙa tara buhuna a kusurwar duk sanda za ta zo. Da littafin digirinta ya iso, Nu'uman ya karanta masa ya fassara, suka zo shafi na arba'in da ɗaya, ya ce a bar ta, gaskiya ta rubuta, ba ta dai san wa take nufi ba.

Khairunnisa ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta so ta ba Yaya Nu'uman haƙuri, bakinta ya ƙi. Ta so ta yi kuka, shi ma ya ƙi zuwa. Mutum in kunya ta yi masa yawa hannunsa ke neman aiki, nata hannun kuwa gudumar nan ya samu.

"Ni na ce a sa. Ni zan cire."

Nu'uman ya kira sunanta, ta riga ta fice.

A waje gari ya sake. Hadarin da ya tafi da asuba ya dawo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin a kan gonaki, iska ta fara kaɗa ganyen bedi. Ta tsaya a gaban bangon gabas, daidai tsagar da ta soka na'ura ɗazu. Akwai darasi guda cur da aka yi musu a aji huɗu kan abin da ake yi kafin a taɓa ginin da ya raunana, ta ma ci shi da kyau. Ko kalma ɗaya ba ta tuna ba. Ta gyara mayafi, ta kama gudumar da hannu biyu, ta ɗaga.

"Ajiye, 'yar Ya'u."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba. Ta waiwaya. Wani tsoho ne siriri a gindin bedi, hannuwansa manya sun fi ƙarfin jikinsa, ƙafarsa da takalmin taya. Ta dubi takalmin, ta dubi sawun da ke gindin bango. Rabonta da Baba Kabo shekara biyar, ya tsufa fiye da yadda ta zata.

Maginan zamanin da, in ruwan farko ya sauka, sukan zagaya duk ginin da ke hannunsu su shafa su ji lafiyarsa, ko an kira su ko ba a kira ba. An sallami Baba Kabo daga yaɓe, amma ba wanda ya sallame shi daga wannan. Damina biyar yana zuwa da sassafe ya bi bangon ya tafi. Yau ne kawai ya je gida ya kasa zama ya dawo.

Ya matso ya ɗora tafin hannunsa a kan fentin.

"Bangon maigidana Mainasara ya mutu tun bara," ya ce. "Abin da ke ciki yanzu kunu ne. Wannan ɓawon da kike shirin fasawa, shi da itacen da yayanki ya kafa, su ke riƙe da azara. Ki buga sau ɗaya ki gani."

Gudumar ta sauko a hankali har ƙasa.

Ya ce ta kara kunnenta. Ta kara. Da farko iska kawai take ji, can sai ta ji shi, wani siririn sauti a cikin bangon kamar ana zuba gero a ƙwarya, ya tsaya, ya ci gaba.

"Da asuba ba ya wannan," in ji Baba Kabo. Ya ɗaga kai ya dubi gabas. "Ba zai ɗauki ruwa biyu a rana ɗaya ba. Je ki fito da ubanki."

Ta shiga da gudu. Nu'uman ya riga ya ji, yana tsaye a kan mahaifinsu yana roƙo. Malam Ya'u yana nan kan buzunsa, ya jawo carbi. Ƙasa tana zubowa siririya daga mahaɗar bakunan gizo, tana sauka a kan hularsa da kafaɗarsa, ko kaɗewa bai yi ba.

"Baba, tashi. Don girman Allah ka tashi."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce. Rufin zai faɗo."

"Na ji maganarki sau ɗaya a kan zauren nan," ya ce, ba faɗa ba zafi. "Yau ta magini nake son ji. Yana waje, na san tafiyarsa, shekara biyar ina jin ta ta bayan bangon nan. Ya shigo ya gaya min da bakinsa, in tashi."

Nu'uman ya sunkuya zai ɗauke shi, kallo ɗaya uban ya yi masa ya janye hannu.

Khairunnisa ta juya. Baba Kabo ya zagayo, yana tsaye a waje daf da dokin ƙofa, inda ya zauna ranar da aka kunna saƙon. Bai tsallako ba, takalminsa na ƙafarsa. Tsofaffin nan biyu taku shida ne tsakaninsu, kowa yana kallon wani wuri daban. Iska ta turo ƙura cikin zauren, ɗigon farko ya bugi ƙasa.

Ta fita ta zube a gabansa, gwiwa biyu cikin taɓo, a kan idon maƙwabta da masu dawowa daga gona da gudu.

"Baba Kabo, ni ce na ce tsohon nan. Ba babana ba ne, ba Yaya ba ne. Ban san komai ba a lokacin, yau ma da ba ka zo ba da na rushe shi a kansa. Ka yafe min, ka shiga."

Baba Kabo ya dube ta. Ya dubi abokinsa a cikin zaure da ƙasa a kan hula. Sannan ya dafa bango, ya sunkuya a hankali irin na mai ciwon gwiwa, ya zare takalmin dama ya ajiye.

Yana kai hannu kan na hagu, gwafar tsakiya ta yi ƙara.